Yadda Za Ka Ɗora Gidan Willy Loman a Dandali

Sau biyu na shirya wasan Arthur Miller mai suna Death of a Salesman da ɗalibaina. Na farko da Turanci muka yi shi, na biyu da Hausar da muka zauna muka juya da kanmu. Na farkon bai yi armashi ba. Duk lokacin da Willy Loman ya fara magana shi kaɗai sai zaure ya ɓarke da dariya, aka tashi ana cewa wasan wani tsoho ne da ya taɓu. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba abin da aka rubuta ke nan ba. A karo na biyu kuwa, da Biff, ɗan Willy, ya zaro guntun tiyon roba daga aljihu ya ajiye a kan teburin kicin, wuri ya yi tsit har ana jin kaɗawar fanka. Abin da na koya tsakanin waɗannan darare biyu shi zan ba ka, kai da kake da ɗalibai ko ƙungiyar wasa kuma kake tunanin taɓa wannan aiki.

An haifi Miller a New York a 1915. Mahaifinsa yana da masana'antar ɗinka kwat ta mata, karyewar tattalin arzikin Amurka ta 1929 ta cinye ta, iyalin suka koma Brooklyn da zama. To ka ga ya san yadda uba yake shigowa gida da dare ba shi da abin nunawa. Ya rubuta wasan a 1948, aka buɗe shi ranar 10 ga Fabrairu 1949 a gidan wasa na Morosco, Elia Kazan ne ya ba da umarni. Sau 742 aka nuna shi a wancan zango, ya kuma ci lambar Pulitzer a shekarar. Kashi biyu ne da wata gajeriyar fitowa ta ƙarshe a maƙabarta, kuma idan ka cire maƙabartar, duk abin da ke faruwa a zahiri bai wuce daren Litinin zuwa daren Talata ba.

Ranar farko ka bayyana wa 'yan wasanka sana'ar Willy, don mu ba mu saba da irinta ba. Ba ɗan koli ba ne, ba shi da jari, ba shi da rumfa. Wakilin kamfani ne mai yawon talla. Yana zuba samfurin kaya a manyan jakunkuna biyu, ya tuƙa mota daga New York zuwa garuruwa irin su Boston da Providence, ya nuna wa masu kantuna, in sun yi oda a ba shi kamasho. Shekararsa 63, ya haura shekara 30 a kamfani ɗaya, yanzu an janye masa albashi an bar shi da kamasho kaɗai kamar sabon shiga. Miller bai taɓa faɗin abin da ke cikin jakunkunan ba, saboda haka kada ka bari a buɗe su a gaban jama'a. Ka dai cika su da tsofaffin littattafai su yi nauyi na gaske. Kafaɗar mai ɗauke da su ita za ta fara gaya wa 'yan kallo halin da ake ciki tun bai buɗe baki ba.

Takardar wa ya san me

Wannan ita ce dabarar da ta gyara mini komai. Kafin kowa ya haddace layi ɗaya, ka zaunar da su, ka ba kowa farar takarda, ya rubuta abin da mutumin da zai fito a matsayinsa ya sani a gidan nan wanda ba ya faɗa.

Takardar Linda, matar Willy, ce za ta fi cika. Ta san dala 50 ɗin da mijinta yake kawowa duk mako yana cewa albashi ne, rance ne daga maƙwabcinsu Charley. Ta san haɗurran motar da yake ta yi ba haɗari ba ne, don kamfanin inshora ya bincika, wata mata ta ga ya nufi ƙarfen gada da gangan. Ta ga tiyon robar da ya ɓoye a ɗakin ƙasa kusa da bututun gas. Kullum takan ɗauke shi, kafin ya dawo kuma ta mayar, don ba ta san yadda za ta tare shi da maganar ba tare da ta kunyata shi ba. Biff, babban ɗan mai shekara 34, ya san abin da ya gani a ɗakin otal a Boston tun yana ajin ƙarshe na sakandare, bai taɓa gaya wa uwarsa ba. Ya kuma ɓoye cewa ya yi wata 3 a kurkuku a Kansas City saboda satar kwat. Willy ya san Biff ya sani. Happy, ƙanin mai shekara 32, ya san muƙamin da yake tinƙaho da shi a kantin da yake aiki ƙarya ne, mataimakin mataimaki ne kawai. Bernard ɗan Charley ya san wani abu ya faru a Boston, don da idonsa ya ga Biff ya dawo ya ƙone takalmansa da ya rubuta wa sunan Jami'ar Virginia, amma bai san ko mene ne ba.

In an gama, kowa ya riƙe takardarsa a aljihu har ranar wasa. A kowace fitowa ka tsayar da bita ka tambayi mai magana: me ka faɗa, me ka haɗiye? Faɗan uba da ɗa a kashi na ɗaya, a baki a kan rashin aikin yi ne da yawon gonakin Texas a kan dala 28 a mako, amma Boston ce ke ci a ƙasa. Ɗan wasan da bai riƙe wannan ba zai yi ta ihu a banza. Wanda ya riƙe, kallo ɗaya zai yi wa uban, uban ya kau da kai, jama'a su fara tambayar kansu me ke tsakanin mutanen nan.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne, a ganina wasan a kan rufin asiri yake. Mu mun ɗauki rufin asiri da daraja, har roƙon Allah muke ya ba mu shi, kuma da gaskiyarmu. Miller ya nuna gidan da kowa yake rufa wa kowa asiri saboda ƙauna, har ta kai babu mai iya cewa Baba, ga halin da kake ciki, zo mu nemi mafita. Duk wanda ya shirya wasan a matsayin labarin malalacin ɗa, ko azzalumin kamfani, ko tsoho mai ruɗewa, ya ɗauki reshe ya bar gindi.

Zaɓen 'yan wasa

Kada ƙuruciyar ɗalibanka ta karya maka gwiwa. Lee J. Cobb, wanda ya fara fitowa a Willy, shekararsa 37 a lokacin. Girman jiki ma ba sharaɗi ba ne: Cobb ƙato ne, Dustin Hoffman da ya yi shi a 1984 ɗan tsurut ne. Wanda kake nema shi ne mai daɗin baki, wanda in ya shigo aji ana jin daɗin zuwansa. Aƙidar Willy gaba ɗaya ita ce farin jini ya fi ilimi da ƙwazo, wai in mutane suna son ka ƙofofi za su buɗe da kansu. A kan wannan ya tarbiyyantar da 'ya'yansa, har Biff ya ɗauko ƙwallo daga makaranta ba da izini ba, uban ya yi dariya ya yaba. Dole 'yan kallo su ɗanɗani wannan farin jinin su ji ya ja su, in ba haka ba ba za su gane me ya sa yaran suka yarda da shi ba.

Linda ce inda aka fi yin kuskure. 'Yan kallonmu za su yi saurin cewa mace ta gari, mai haƙuri, su tsaya nan, 'yar wasan ma za ta so ta yi ta sunkuyar da kai tana share hawaye. Kada ka yarda. Linda ce mai lissafin gidan. Akwai fitowar da Willy ya dawo daga tafiya yana cika baki, ta ɗauki fensir ta buga kamashonsa ya kama dala 212, sai ya fara ja da baya da kaɗan-kaɗan har gaskiya ta tsaya a dala 70, ga bashin firji da injin wanki da gyaran mota da rufin ɗaki ya kai wajen 120. Ba ta ce masa ya yi ƙarya ba. Ta sake lissafi kawai, ta ce ai ya yi ƙoƙari. Ita ce kuma ta hana shi bin yayansa Ben zuwa Alaska lokacin da dama ta samu. Ita ce ta dubi ƙattin 'ya'yanta ta ce wanda ba zai girmama ubansa ba ya bar mata gida. Ka nemi yarinya mai kaifin murya wadda za ta iya yin shiru a ji tsoro.

Happy kuma kada a mai da shi ɗan barkwanci. Yaro ne da ya tashi a inuwar yayansa, kullum yana neman uban ya waigo, yana cewa Baba ka ga na rage ƙiba, babu mai amsa masa. Sauran ba su da wuyar samu.

Bango da lokaci

Sunan da Miller ya fara tunanin sa wa wasan yana nufin cikin kan mutumin, kuma nan ne sirrin tsarinsa. Abubuwan da suka wuce ba a dawo da su don a ba mu tarihi kamar yadda ake yi a fim. Suna faɗo wa Willy ne a tsakiyar magana, yana ji yana gani, bai gayyace su ba. Jo Mielziner, wanda ya tsara dandalin farko, ya gina gida mai ƙashi babu tsoka, ana hango kicin da ɗakunan kwana lokaci ɗaya, dogayen benaye sun yi masa ƙawanya. Miller ya kafa doka mai sauƙi: in ana cikin yau, kowa ya bi ta ƙofa, ya mutunta bangon da ba a gani. In an shiga jiya, a ratsa bangon kai tsaye a fito gaban dandali.

Wannan doka ba ta cin kuɗi. Mu farin fenti muka sa muka ja layin bango a ƙasa, muka kafa katakon ƙofa guda ɗaya, teburi da kujeru uku, tsohon firji da aka ara, da gadaje biyu a kan wani ɗan tudu na katako. Fitila iri biyu ta isa: mai sanyi-sanyi don yau, mai ruwan ɗorawa don jiya. Ka tanadi janareta, ka ajiye shi nesa da taga. Kada ka kashe wuta don canza lokaci, kada ka ja labule. Kuskurena na farko ke nan. Na riƙa kashe wuta, sai 'yan kallo suka ga tsoho yana surutu, duhu, sannan wani labari daban. Da jiya ta riƙa shigowa ana kallo, yara suna ratso bango da soso da bokitin wanke mota alhali uban yana zaune a kicin da kofin madara, babu wanda ya ƙara dariya. Sun ga abin da yake gani.

Sai sarewa. Da ita wasan yake buɗewa, da ita yake rufewa, don mahaifin Willy sarewa yake sassaƙawa yana yawon sayarwa da iyalinsa a keken doki, kafin ya tafi ya bar shi yana ɗan ƙarami. Ka samo mai busa na gaske ya zauna a gefe, ko da sautuka huɗu ko biyar ya iya. Ya fi faifai nesa ba kusa ba, don yana iya bin numfashin ɗan wasa.

Fitowar da za ta fi ba ka wahala ita ce ta karta. Willy da Charley suna buga karta a kicin da tsakar dare, sai Ben ya shigo da jaka da lema. Ben ya rasu, labari ya iso makonni kaɗan da suka wuce. Shi ne wanda ya shiga dajin Afirka yana ɗan shekara 17 ya fito yana da 21 da arzikin lu'ulu'u, kuma a idon Willy shi ne hujjar cewa ana yin kuɗi dare ɗaya. Willy yana amsa wa Ben, Charley yana zaton da shi ake. Ga yadda muka yi: kwana biyu ana bita babu Ben, mai Willy yana barin gurbin maganarsa, har mai Charley ya ji ruɗanin a jikinsa. Kwana biyu kuma babu Charley. Sannan aka haɗa. Sharaɗi ɗaya: ko kusa idon Charley kada ya sauka inda Ben yake.

Ka bar su a Brooklyn

Za a zo maka da shawarar ka mai da Willy ɗan Kantin Kwari, Ben ya zama wanda ya tafi ci-rani ya dawo da kuɗi. Ni ma ta burge ni da farko. Abin da ya hana ni shi ne maƙabarta. Willy ya rayu yana mafarkin jana'izar da za a zo daga jihohi da dama, irin ta Dave Singleman, wani tsohon ɗan talla mai shekara 84 da yake sayar da kaya ta wayar tarho daga ɗakin otal, wanda ɗaruruwan mutane suka raka. Ranar tasa mutum 5 ne a bakin kabari: matarsa, 'ya'yansa biyu, Charley da Bernard. A unguwarmu wannan ba zai yiwu ba. Ko baƙo ne ya rasu, masu wucewa za su tsaya su shiga sahu. In ka kawo gidan nan Kano, ko dai ka yi wa Kano ƙarya ko ka ɓata ƙarshen wasan. Haka inshorar rai ta dala 20,000 da bashin gida na shekara 25, duk na can ne.

Nisan ba ya hana a ji. A 1983 Miller da kansa ya je Beijing ya shirya wasan da harshen Sin, Ying Ruocheng ya fassara ya kuma fito a Willy. Miller ya ƙi yarda a sa wa 'yan wasa gashin Turawa na kanti, suka fito da fuskokinsu, labarin kuma yana Amurka. A 2019 an yi shi a gidan wasa na Young Vic a Landan da iyalin Loman baƙaƙen fata, Wendell Pierce da Sharon D Clarke, gidan yana nan a Brooklyn. Abin da za ka yi kawai, kafin a fara wani ya fito ya yi minti biyu yana bayanin kamasho da inshora da bashin gida.

Wajen juyawa zuwa Hausa, yaran su ce Baba da Mama. Ben yayan uba ne, Baffa Ben ke nan. Linda tana kiran mijinta da sunansa gatsal, kuma na bar shi haka. Mata a zaure sun ɗan motsa da suka ji, amma shi ya tuna musu cewa wata ƙasa ake.

Ofishin Howard

A nan nake so ka kashe mako guda cur. Willy ya je roƙon a dawo da shi aiki cikin New York ya huta da tuƙi. Howard ɗan mai kamfanin ne da ya gaji ubansa, shekararsa 36, kuma Willy yana cewa da shi aka yi shawarar sunan da aka raɗa masa. Willy ya tarar da shi yana wasa da sabuwar rakoda, yana kunna muryar 'yarsa tana fito, ɗansa yana jero manyan biranen jihohi. Willy ya nemi dala 65 a mako. Ya sauko 50. Ya sauko 40. Ya fita babu aikin gaba ɗaya.

Kada mai Howard ya ɗaure fuska ko ya yi tsawa. Mutum ne mai fara'a da yake son 'ya'yansa, yana da baƙi suna jira, kuma tsohon nan ba ya kawo ciniki. Da murmushi yake kiran sa'an ubansa yaro. Da muka sa kalmar a bakinsa da Hausa, na ji wani dattijo a layin gaba ya yi salati a hankali.

Ga wani ɗan abu da ke cikin rubutun wanda ake yawan tsallakewa. Daren jiya Willy ya gargaɗi Biff cewa in ya je wurin tsohon maigidansa Bill Oliver neman jari, in wani abu ya faɗi daga tebur kada ya ɗauka, akwai masinja don wannan. Yau Howard yana laluben laitarsa, Willy ya ɗauka ya miƙa masa. Ka sa a yi gargaɗin daren da ƙarfi yadda za a riƙe shi. Ka sa laitar ta faɗi ƙasa, mai Willy ya durƙusa a hankali irin na mai ciwon gwiwa, ya miƙa da hannu biyu. Howard ya karɓa bai duba ba.

Daga nan sai ofishin Charley, inda Bernard, yaron da Willy ya raina saboda yawan karatu, yake shirin tafiya Washington don tsayawa gaban Kotun Ƙoli a matsayin lauya, bai ma faɗa da bakinsa ba. Charley ya yi wa Willy tayin aiki a kan dala 50 a mako, ya ƙi, amma ya karɓi rancen 110 na biyan inshora. A yi wannan a natse. Girman kai ne, amma na mutumin da ba abin da ya rage masa sai shi.

Boston

Rubutun ya fito da matar da Biff ya tarar da ubansa tare da ita a otal da kayan barci. Ba sai ka yi haka ba, kuma a wurinmu bai kamata ba. Tamu ta fito da doguwar kwat a rufe, ƙafa babu takalmi, takalman a hannu, kowa ya gane. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne dariyarta da safa. Tun kashi na ɗaya dariyar take kutsowa daga bayan dandali ta haɗu da ta Linda. Tun kashi na ɗaya kuma Willy yake hasala in ya ga Linda tana ɗinke tsohuwar safarta, babu wanda ya san dalili. Safar siliki ce doguwa ta mata, mai tsada a lokacin. Ka tabbata 'yan kallo sun ga allura da zare a hannun Linda aƙalla sau biyu kafin a zo Boston.

Biff ya faɗi jarrabawar lissafi, maki 4 ya rage masa, ya biyo ubansa don ya san Baba zai iya shawo kan malamin. Yana kwaikwayon yadda malamin yake magana, uba da ɗa suna dariya, sai murya ta uku ta shiga dariyar daga banɗaki. Ka bar jama'a su yi dariyar kwaikwayon sosai. Sannan matar ta fito ta nemi safar da aka yi mata alkawari, Willy ya miƙa mata kwalin a gaban ɗansa. Na ce wa mai Biff kada ya dubi matar ko sau ɗaya, kwalin zai bi da ido har ya fita.

Daren ƙarshe

Yaron da ya fito mini a Biff ɗan gidan tarbiyya ne. Mako uku ya kasa ɗaga ido ya dubi mai Willy, wanda ajinsu ɗaya, don a ransa uba ne, kuma ba a yi wa uba haka. Za ka gamu da wannan, kada ka yi masa faɗa. Na zaunar da shi na ce ya karanta takardarsa. Biff ya yi awa 6 yana jiran Oliver, mutumin bai ma gane shi ba, ya sace masa alƙalami ya gudu, a ranar ya tuna ashe shi bai taɓa zama ɗan tallan Oliver ba, yaron ɗaurin kaya ne, a gida aka yi ta faɗa har ya yarda. Ya bar ubansa a banɗakin gidan abinci ya bi 'yan mata. Ya dawo ya tarar da shi a bayan gida da tocila yana shuka irin karas da latas a ƙasar da rana ba ta kaiwa. Tiyon yana aljihunsa tun jiya. Na tambaye shi, in kai ne, kuma ka san abin da tiyon nan yake nufi, ladabi shi ne ka yi shiru? Ya daɗe bai ce komai ba.

Sai muka yi fitowar gaba ɗaya da raɗa, su biyu a zaune gwiwa da gwiwa. Tiyon, kurkukun, muƙamin Happy, da maganar da ta fi zafi, cewa shi da uban duka mutane ne gama-gari kuma babu laifi a hakan. Da raɗa babu inda za a ɓuya. Ranar wasa kusan rabin fitowar a haka muka bar ta, murya ba ta tashi ba sai dab da inda Biff ya faɗa jikin uban yana kuka yana roƙon ya ƙone mafarkin nan.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ciwo, kuma mai Willy ya yi shi da fuska a sake. Ya gano ɗansa yana son sa. Murna ta kama shi. Sai ya ɗauki wannan ƙaunar ya mai da ita dalilin tafiya, don yaro irin wannan in ya samu dala 20,000 ɗin inshora ai sai ya wuce Bernard. Ko kalma ɗaya daga abin da Biff ya faɗa bai shiga ba.

Ba a nuna mutuwar, ƙarar mota ce da kiɗa. Kada ka ƙara komai, kada ka ƙawata. Masu kallonka sun san hukuncin kashe kai a addini, wasan ma bai yabe shi ba: Ben ɗin da ke cikin kan Willy ya gaya masa kamfanin zai iya ƙin biya, kuma ɗansa zai ɗauke shi matsoraci. Tun kafin a raba matsayi ka tambayi 'yan wasanka ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ko akwai wanda abin ya taɓa shafar gidansu. In da hali ka gayyaci likita ya zauna a tattaunawar bayan wasa.

Abubuwa biyu na tsari. Wasan yana da haƙƙin mallaka har yanzu, Miller ya rasu ne a 2005, saboda haka in za ka nuna wa jama'a ko ka fassara, ka rubuta wa masu kula da haƙƙin ka nemi izini da wuri. Tsawonsa kuma ya kusa awa 3. Mu mun fara bayan La'asar sakaliya yadda hutun tsakiya ya faɗo daidai Magariba. Ka ware mako 8 na bita.

A maƙabarta kowa ya tsaya nesa da kowa. Happy ya rantse zai ci gaba da mafarkin uban. Charley ya kare Willy. Biff ya tuna ranakun Lahadi da uban yake gina matakalar ƙofar gida da gareji da hannunsa, yana murna da siminti fiye da duk cinikin da ya taɓa yi. Sai a bar Linda ita kaɗai. Rubutun ya ce ta kasa kuka, gani take wata tafiyar ya yi, to ka hana 'yar wasan hawaye har layukan ƙarshe, inda take gaya wa kabarin cewa yau ta biya kason ƙarshe na bashin gida kuma babu mai zama a ciki. Biff ya ɗago ta su fita. Mai sarewa ya ci gaba, fitila ta rage a kan benayen da ke bayan gidan sannan ta mutu. Ka gaya wa 'yan wasa su ƙirga 20 a cikin duhu kafin su fito gaisuwa.